Goge gilashin dogon bene: shin igiya a ƙugu ta wadatar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da wani bene mai hawa huɗu a wajen Gawon Nama, Sakkwato. Hunturu ya turnuƙe mana tagogi da ƙura, yaran da na samu kuma sun ce za su ɗaura igiya a ƙugu su sauko daga sama su goge. In bar su?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, don girman Allah kada ka bar su. Idan ƙafar mutum ta zame, nauyinsa duka a ƙugu zai taru. Igiyar ta fizgi ƙashin baya, ko ta zamo sama ta matse ƙirji har numfashi ya gagara. Abin da ake sawa ɗamarar kariya ce mai kama cinyoyi, ƙirji da kafaɗu, da hular kwano mai maɗauri a haɓa.

Igiya kuma biyu ake amfani da su, masu kaurin milimita 10.5 zuwa 11: ɗaya ta aiki, ɗaya ta ko-ta-kwana, kowace da maɗaurinta daban, wato wurin da ake ɗaure ta a sama. Maɗaurin shi ne ran aikin. Ana son wanda zai jure kusan kilo 1,500, kamar ginshiƙin kankare. Ƙafar tankin ruwa, ƙarfen dish da bututun famfo duk ba wurin ɗauri ba ne. Inda igiya ta bi ta bakin katanga a shimfiɗa mata roba mai kauri, domin kaifin siminti yana cin ta a hankali ba a sani ba. Sannan a bar mutum a sama wanda ya iya sauko da abokinsa, saboda wanda ya suma yana reto a ɗamara, jini na taruwa a ƙafafunsa, mintoci kaɗan ake da su.

Tsani bai dace da hawa na huɗu ba. A hawa na ƙasa, a ja gindinsa mita 1 daga bango a kan kowane mita 4 na tsayi, a kuma nisanta na ƙarfe da wayar wuta.

Yanayinmu ma abin lura ne. Daga Maris zuwa Mayu zafi na wuce digiri 40, jiri na iya ɗibar mutum, ruwan sabulu kuma ya bushe kafin a share shi, ya bar zane. A fara da sassafe a gefen inuwa, a sauka kafin ƙarfe 11. In hadari ya taso ko iska ta fara kaɗa igiya, a tsaya nan take.

Kada a goge ƙurar hunturu a bushe, tana karce gilashi. A fara kwara ruwa, sannan ɗigon sabulun wanke kwanuka kaɗan a bokiti, a share da robar goge gilashi. A ɗaure bokiti da kayan aiki a jiki, a kewaye ƙasa da igiya don masu wucewa. In tagoginka masu zamewa ne, a ciro su daga ciki a wanke a ƙasa.