Hukuncin sayen kiredit ɗin fadama a Amurka

Tambaya: Salamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ina aiki da wani kamfanin gine-gine a Amurka, in za mu cike fadama don yin hanya ko gidaje sai an ba mu famit, kuma sai mun sayi kiredit daga wasu masu gyara wata fadamar daban. Ni ke haɗa takardun. Dan Allah wannan ciniki ya halatta, ko kuɗi kawai muke biya a bar mu mu yi ɓarna?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. A dokar ruwa ta Amurka ta 1972, sashe na 404, hukumar injiniyoyin soja ce ke ba da famit ɗin, kuma ƙa'idar 2008 ta ce sai mai gini ya fara kauce wa fadamar, in ba hali ya rage ɓarnar, abin da ya saura shi ake ramawa. Shi mai gyara fadamar da kuke sayen kiredit a wurinsa, mai banki ake ce masa, kuma ba bankin kuɗi ba ne balle a yi maganar riba, fili yake samu ya toshe magudanan da aka haƙa, ruwa ya dawo, ya dasa tsirrai, a ɗaure filin da yarjejeniyar ba za a gina shi ba, sai hukuma ta auna ta ba shi kiredit ya sayar, alhakin gyaran ya koma wuyansa.

To abin da nake gani ya halatta. Kuɗin nan lamuni ne, wato diyya, na abin da aka lalata, kuma ƙa'ida ce a fiƙihu cewa cuta ana gusar da ita, Annabi (SAW) ya ce ba cuta ba cutarwa. Kiredit ba a riƙe shi a hannu, amma haƙƙi ne sananne mai ƙima, kuma majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta amince tun 1988 cewa haƙƙoƙin da ba a taɓawa dukiya ne.

Inda zuciyata ba ta kwanta ba shi ne kiredit ɗin da ake saki kafin gyaran ya kammala, don akwai ƙamshin garari, wato rashin tabbas a ciniki, fadamar tana iya ƙin tashi. An sassauta ne saboda aikin an siffanta shi, an ajiye jingina ta kuɗi, sauran kiredit ɗin kuma sai an ga sakamako ake saki. Binciken majalisar bincike ta ƙasar a 2001 ya nuna ramuwar ba ta cika maye abin da aka rasa ba, don haka ka bincika.

Kai da ke riƙe da biro, kar ka rage faɗin fadamar a takarda, kar ka rubuta ba yadda za a kauce mata alhali akwai, wannan haramun ne ko famit ya fito, Allah ya hana ɓarna a ƙasa bayan gyaranta a Suratul A'araf aya ta 56. Ka zaɓi bankin da ke yankin kogi ɗaya da ku, don mutanen da ambaliya za ta ci su ne suka fi cancantar ramuwar. Wallahu a'alam.