Tambayoyi Da Amsoshin Lafiya: Fita Yawo Da Ƙaramin Yaro A Lokacin Zafi

Assalamu alaikum. Tun da bazara ta kama, yawancin saƙonnin da iyaye ke aiko mini a kan abu ɗaya suke, wato fita da yara. Ni dai ina goyon bayan a fita da su. Yaron da ke kulle tsakanin ɗaki da tsakar gida, waya a hannu daga safe har dare, shi ma lafiyarsa ake tauyewa. Ga guda shida da na zaɓa daga cikin tambayoyin.

Tambaya ta farko daga wani magidanci ne a Ɗorayi: "Likita, bara na kai iyalina Gidan Zoo bayan azahar. Kafin mu fito, ɗana mai shekara biyu da rabi ya yi laƙwas, jikinsa zafi rau, ko ruwa ya ƙi sha. Bana ma 'yan'uwansa sun matsa mini sai mun je, har da hawa Dutsen Dala. In bar shi a gida ne?"

Malam, kada ka bar shi, lokacin fitar za ka canza. A Kano, daga ƙarshen Maris zuwa Mayu, zafin rana yakan kai digiri 40, wani lokaci ya wuce, kuma ya fi tsanani daga ƙarfe sha ɗaya zuwa huɗu na yamma. Kai ka shiga ne a daidai tsakiyarsa. Jikin ƙaramin yaro yana ɗaukar zafi da sauri fiye da na babba, guminsa bai kai naka ba, ga shi gajere, don haka hucin ƙasa da na kwalta shi yake fara duka. Sannan idan wasa ya yi masa daɗi ba zai ce yana jin ƙishirwa ba. Ku fita da safe ku dawo kafin sha ɗaya, ko ku bari sai an yi la'asar. Gidan Zoo na Audu Bako yana da bishiyoyi, ku riƙa yada zango a inuwa, kuna miƙa masa ruwa kowane minti ashirin ko da bai nema ba.

Akwai maganar kaya, kuma ita ce ta fi damuna. Wata Sallah da ta faɗo cikin zafi an kawo mini yaro ɗan shekara uku a ɗakin gaggawa, idanunsa a lumshe, leɓensa a bushe. Da na fara cire masa kaya sai na ƙirga: hula, babbar riga ta shadda mai sitaci, 'yar ciki, singileti, wando, safa, takalmi sau-ciki. Singiletin ta jiƙe sharkaf, shaddar kuwa ko ɗigo ba ta sha ba, ta rufe shi kamar leda. Mahaifiyarsa tana kuka tana cewa kwalliyar Sallah ce kawai ta yi masa. Allah ya taimaka, bayan an sanyaya jikinsa an ƙara masa ruwa ya farfaɗo. Tun ranar nake ce wa iyaye a yi kwalliya a ɗauki hoto a gida, in za a fita a sa masa riga ɗaya mara nauyi ta auduga, mai haske, da hula mai baki.

In ka ga ya fara yin laushi, ko amai, ko kuka ba hawaye, ko ya daɗe bai yi fitsari ba, yawo ya ƙare. Ka kai shi inuwa, ka tuɓe shi, ka jiƙa masa jiki da ruwa irin na randa, ka yi masa fifita, ka ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. In kuwa ya daina gane ku, ko ya fara jijjiga, ko an kasa tashinsa, kada a ɗura masa komai a baki don zai iya shaƙewa. A ci gaba da jiƙa shi a hanya, a nufi asibiti mafi kusa. Paracetamol ba ya sauke zafin da rana ta jawo, don haka kada a tsaya jiran ya yi aiki.

Dala kuwa, matakalar tana da tsayi kuma babu inuwa a sama. Manyan yaran su hau da sassafe tare da kai, shi kuma ya tsaya a ƙasa da mahaifiyarsa. In an je wurin birai a Gidan Zoo, kada a bari ya zura hannu. Cizon biri ko yaƙushinsa ana wanke shi da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan a je asibiti a ranar.

Ta biyu wata uwa ce daga Gwammaja: "'Yata watanta huɗu, nono zalla nake ba ta. Za mu riƙa fita ziyarar dangi. Surukata ta ce zalunci ne a hana jaririya ruwa a wannan zafin."

'Yar'uwa, Hajiya tausayin jikarta take ji, ki amsa mata da ladabi. Amma ki tsaya a kan nono zalla har wata shida. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma wanda ke fara zubowa idan ta kama ya fi tsinkewa, shi ke kashe mata ƙishirwa. Cikinta ƙarami ne, in ruwa ya cika shi za ta rage shan nono, nonon naki ma ya ragu, ga kuma gudawar da ruwan zai iya kawowa. Abin da za ki yi a zafi shi ne ki ƙara yawan ba ta, ke kuma ki sha ruwa sosai. In tana jiƙa ƙyalle sau shida ko fiye a yini da fitsari mai haske, ruwan jikinta ya isa. Ki nuna wa Hajiya wannan da idonta, ya fi doguwar gardama. In da hali ki tafi da ita ranar awo ta ji daga bakin malamar asibiti.

Abu ɗaya da ba ki tambaya ba: goyo. Jaririya a baya, an ɗaure da zani da majanyi, an ɗora tawul, sannan an saki dogon hijabi a kai, cikin adaidaita sahu da rana tsaka, wannan zafi ne kan zafi. Ki bar fuskarta a waje inda iska za ta same ta, kuma da kin isa gidan da za ki, ki sauke ta.

Ta uku: "Duk ranar da muka fita yawo, washegari sai ɗana mai shekara ɗaya da wata takwas ya kama zawo. Maƙwabciyata ta ce haƙori ne. Ina ba shi Flagyl." Daga wata uwa a Hotoro.

Haƙori yakan sa dalala da ƙaiƙayin dasashi, amma ba ya sa zawo mai ruwa. Ki lura da abin da kika faɗa da kanki, sai an fita yake yi. Ki tuna abin da yake ci a hanya: askirim ɗin keke da ya narke ya sake daskarewa saboda rashin wuta, zoɓo da kunun aya da aka ɗura a robar da ba a san inda aka samo ta ba, kankana da aka yanka tun safe ƙuda na bi, ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba. Kunun aya musamman ba ya jure zafi, 'yan sa'o'i kaɗan ya juya. Babba zai iya sha ya kwana lafiya, cikin yaro bai kai nan ba. Ki fito masa da ruwansa da abincinsa daga gida, ki sayi abin da za ki ɓare da hannunki kamar ayaba da lemo, ki sa ɗan sabulu a jaka don wanke masa hannu kafin ya ci. Aya da gyaɗa da dabino mai ƙwallo kuma kada a ba yaro ƙasa da shekara huɗu, suna maƙalewa a maƙogwaro.

Ki ajiye Flagyl. Yawancin zawon yara ba ya buƙatarsa, kuma abin da ke kashe yaro a zawo ƙarewar ruwan jiki ne. Maganin shi ne ORS, wato ruwan gishiri da sukari na leda, tare da ƙwayar maganin zinc. Ki duba jikin ledar, in ta lita ɗaya ce, ki juye ta duka a ruwan leda biyu, kowace mai cin rabin lita. Bayan kowane zawo ki ba shi kwata zuwa rabin kofi da cokali. In ya yi amai ki jira minti 10 ki ci gaba a hankali. Abin da ya wuce awa 24 a zubar a haɗa sabo. Zinc kuwa miligiram 20 ne kullum na kwana 10 zuwa 14, ko da zawon ya tsaya a kwana na biyu. Jariri ƙasa da wata shida rabin haka ake ba shi. Kada ki daina ba shi abinci ko nono. In kin ga jini a kashin, ko idanunsa sun faɗa, ko ya kasa sha, ko yana aman duk abin da ya shiga, ki kai shi asibiti a lokacin, ko Hasiya Bayero ko Murtala ko wanda ya fi kusa da ke.

Ta huɗu gajera ce, daga wani ɗan kasuwa: "Idan ya yi barci a mota, zan iya rufe shi in ɗan sauke gilashi, in shiga Kantin Kwari minti goma?"

A'a, Alhaji, ko minti ɗaya. Cikin minti goman nan zafin cikin mota yana iya ƙaruwa da kusan digiri 10, kuma ɗan sauke gilashi ba ya hana hakan. Ga shi minti goman Kwari bai taɓa tsayawa a goma ba. Ka ɗauke shi ko da zai farka ya yi rigima. A gida ma a riƙa kulle mota a ɓoye makulli, don yara kan shiga wasan ɓuya su kasa fitowa.

Ta biyar daga wata kaka ce a Kabuga: "Jikokina suna zuwa hutu, 'ya'yana sun shirya kai su Dam ɗin Tiga. Ƙaramin shekararsa uku, yana son ruwa kamar kifi. Akwai matsala?"

Hajiya, Allah ya raya su. Tiga wuri ne mai daɗin zuwa, tun 1974 aka kammala dam ɗin a kan Kogin Kano, kuma yaran birni za su ga abin da ba su saba gani ba. Su je su sha iska su ci kifi, amma kada ƙaramin ya shiga ruwan, saboda dalili biyu.

Na farko nutsewa. Mutane suna zaton yaron da ke nutsewa zai yi ihu ya yi ta fantsama ruwa. Ba ya yi, shiru yake tafiya, kuma ko ruwan da bai kai gwiwarki ba yana iya nutsar da shi. Akan samu wannan a taron dangi, inda kowa ke zaton wani ne ke kallonsa. Ku ware mutum ɗaya babba da sunansa, wanda aikinsa kawai yaron nan, ba waya ba hira, kuma kada tazarar da ke tsakaninsu ta wuce miƙa hannu. In zai tashi ya danƙa shi ga wani baki da baki. Kada a ɗora wannan nauyin a kan yayarsa 'yar shekara tara.

Na biyu tsargiya. Ruwan dam da na kududdufi da magudanan noman rani sukan ɗauki wasu ƙananan katantanwa masu sakin tsutsar da ido ba ya gani. Ba sai an sha ruwan ba, ta fata take shiga yayin wanka ko wasa. Sai bayan makonni, wani lokaci wata biyu ko uku, a ga jini a ƙarshen fitsari, lokacin an manta da tafiyar. A ƙauyuka da yawa ana ɗaukar wannan alamar girma ce ga yaro namiji, alhali ciwo ne mai cin mafitsara yana rage jini. Yana da magani, praziquantel, wanda ake bayarwa gwargwadon nauyi ko tsayin yaro. In wani cikin manyan jikokin ya riga ya taɓa yin iyo a irin wannan ruwa kuma an ga haka, a kai fitsarinsa gwaji.

Ta ƙarshe daga wani malamin makaranta a Sharaɗa: "Dogon hutu yana faɗowa ne a damina. Za mu kai yara ƙauye wajen iyayena na sati uku, ƙaramar shekararta biyu. Me zan tanada?"

Malam, a watan Agusta sauro ne abin tsoro fiye da rana. Ka tafi da gidan sauro mai magani naka, da igiya da ƙusa, kada ka dogara da cewa za a samu a can. In ana hira a waje bayan magariba, a sa mata riga mai dogon hannu da wando.

Akwai kuma maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ma'aikatan lafiya ke bi gida-gida suna ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59, wata-wata a lokacin damina. Na kwana uku ne kowane zagaye: na farko a gaban ma'aikacin, sauran biyun uwa ce ke bayarwa. Da yawa nan ake sakaci, a ba na ranar farko a jefa sauran a kan firji. In zagayen zai same ku a ƙauye, ku tafi da katinta ku nemi masu rabawa a can. Ka duba katin rigakafinta ma kafin tafiya, musamman allurar ƙyanda ta wata 9 da ta wata 15, da alluran Penta uku masu kare yaro daga mashaƙo, tunda mashaƙo ya addabi Kano daga ƙarshen 2022 kuma yaran da ba su kammala allura ba ya fi kamawa.

A jakar tafiya ka sa ORS da zinc, paracetamol na yara da ma'aunin zafi. Ranar da kuka isa ka tambayi inda asibitin sha-ka-tafi mafi kusa yake da wanda ke da babur ko mota a unguwar. In zazzaɓi ya kama ta, a yi gwajin jini na ɗan yatsa a cikin awa 24 kafin a ba ta maganin maleriya. In ta fara jijjiga, a kwantar da ita a gefe ɗaya, kada a tura mata cokali a baki, kada a ɗura mata jiƙo ko man ja, a ɗauke ta zuwa asibiti.