Me Ke Ƙarfafa Jam'iyyar Siyasa?

Tambaya: Malam, me ya sa ba a jin ɗuriyar jam'iyyu da yawa sai lokacin zaɓe, kuma yaya za a yi su riƙa wakiltar jama'a da gaske?

Amsa: Malam mai tambaya, a ganina tushen matsalar kuɗi ne. Jam'iyyar da attajiri ɗaya ke ɗaukar nauyinta ba ta buƙatar mambobi sai ranar kaɗa ƙuri'a, kuma shi zai nuna ɗan takara, zaɓen fitar da gwani ya zama al'ada kawai. Shi ya sa sashe na 21 na kundin tsarin mulkin Jamus na 1949 ya wajabta wa jam'iyyu bin tafarkin dimokuraɗiyya a cikin gidansu, su kuma bayyana wa jama'a inda suka samo kuɗinsu da yadda suka kashe su. Gwamnatin ƙasar tana tallafa musu gwargwadon ƙuri'un da suka samu da gudummawar da mambobi suka bayar, don haka riƙe mambobi ya zama riba.

Tsarin zaɓe ma yana da nasa tasirin. A Birtaniya, inda mai rinjaye a mazaɓa ke ɗaukar kujera, jam'iyyar Labour ta samu kusan kashi 34 cikin 100 na ƙuri'un 2024, amma ta kwashe kujeru fiye da 400 cikin 650. Rabon kujeru gwargwadon ƙuri'u yana rage wannan giɓi, ko da yake, a gaskiya, yakan ƙara wa shugabannin jam'iyya iko, tunda su ke tsara jerin sunayen 'yan takara.