Amsa ga mai tambaya kan ziyarar Durham: ka fara daga bakin kogi

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ga ka ce za ka zo Newcastle, a arewacin Ingila, kwas na mako uku a watan Nuwamba, Asabar ɗaya ce kawai a hannunka, kana son sanin ko Durham ta cancanci ka kashe mata wannan rana, da kuma ko ana barin wanda ba Kirista ba ya shiga babbar majami'ar garin. Na yi shekara biyu a wannan yanki ina karatu, kuma duk baƙon da ya zo min daga gida can nake fara kai shi. Ka je, kada ka yi wata-wata. Daga Newcastle jirgin ƙasa bai fi kwata na awa ba. Mutanen garin Daram suke cewa, ba sa furta harafin h, sai ka kiyaye idan za ka yi tambaya a tasha.

Abin da nake so ka riƙe tun kafin ka taka ƙafa shi ne, kabari ne ya haifi wannan gari. In ba ka san haka ba, za ka ga dutse a kan dutse ne kawai ka dawo da hotuna. Akwai wani waliyyinsu mai suna Cuthbert, bishop ne, wato babban limamin Kirista, a tsibirin Lindisfarne, ya rasu a 687. Da mayaƙan Viking, masu zuwa ta teku daga arewacin Turai, suka addabi gaɓar teku da hare-hare, sai ruhubanawan tsibirin suka ɗauki akwatin gawarsa suka gudu a 875. Suka yi ta yawo da shi, suka jima a wani gari nan kusa, sai a 995 suka sauke shi a kan wani tudu da kogin Wear ya kusa zagayewa kamar ƙugiya. Ruwa ta gabas, ruwa ta yamma, ruwa ta kudu, ta arewa kaɗai ake shiga. Mutanen da suka gaji da gudu irin wurin da za su nema ke nan. Kasuwar garin, gadojinsa, fadarsa, har jami'arsa, duk daga baya suka taru a gefen wannan akwati.

Saboda haka ne nake hana mutane su miƙe kai tsaye zuwa ƙofar majami'ar. Idan ka gangaro daga tasha ka iso gadar Framwellgate, wadda asalinta tun ƙarni na 12 ne, ka sauka matakalar da ke gefenta ka bi hanyar bakin kogi. Tafiyar ba ta da tsawo. Itatuwa sun rufe ko'ina, ga ruwa yana zuba a kan wata 'yar madatsa kusa da tsohon gidan niƙa, in ka ɗaga kai sai ka ga hasumiyoyi sun tsaya a bisa gangaren dutse kamar daga cikinsa suka tsiro. Ka ci gaba har gadar Prebends, ka tsaya a tsakiyarta ka juyo. A nan ne na fara fahimtar cewa magina ba wurin ibada kaɗai suka yi niyya ba. Turawan Norman da suka ci Ingila a 1066 sun kafa fadar yaƙi a kan tudun a 1072, sannan suka soma majami'ar a 1093, don duk wanda ya hango daga nesa, musamman daga ɓangaren Sikotilan, ya san akwai masu gari. Bishop ɗin Durham a wancan zamani kusan sarki ne: yana da rundunarsa, yana da kotunsa, yana buga kuɗinsa.

Game da shiga, babu mai tambayar addininka. Ana dai roƙon baƙi su ba da gudummawa don kula da ginin, sannan hawa hasumiya da shiga ɗakin kayan tarihi suna da kuɗinsu daban. Al'adarsu namiji ya cire hula a ciki, mace kuwa ba wanda zai ce wa mayafinta komai. Na shiga da maiɗakina da hijabinta sau da dama, gaisuwa kawai muka samu. Ka rage murya, domin wuri ne da har gobe ake ibada a cikinsa kullum, kuma in ka tarar ana yi, wani sashe zai kasance a rufe. Asabar ɗin da ka zaɓa ta fi Lahadi sauƙi ta wannan fuska.

A ƙofar arewa za ka ga wata fuskar tagulla mai kama da ta zaki, da zobe a bakinta. Kada ka wuce ta. A da, wanda ya yi kisa ko wani babban laifi, in ya samu ya ruga ya kama wannan zobe ya buga, to ya kai tudun mun tsira. Masu gadi su buɗe masa, a sa masa baƙar riga, a ciyar da shi kwana 37 ba mai taɓa shi. Kafin kwanakin su cika sai ya zaɓa, ko ya fuskanci shari'a ko ya bar ƙasar ta jirgin ruwa. Wadda ke jikin ƙofar yanzu kwafi ce, ta ainihin tana ɗakin kayan tarihi a ciki. Na daɗe ina tunanin hannuwan da suka kama zoben nan suna rawa.

Cikin ginin shi ne wurin da za ka kashe mafi yawan lokacinka. Ginshiƙan suna da kauri ƙwarai, sai mutum huɗu sun haɗa hannu kafin su zagaye ɗaya, kuma an sassaƙa musu zane, wani kamar haƙoran zarto, wani kamar ragar kamun kifi, wani a murɗe. Amma ka ɗaga kai. Rufin dutse ne zalla, ana tallafe shi da haƙarƙari na dutse da suka gitta juna, kuma yana cikin na farko-farko da aka yi irinsa a Turai a gini mai wannan girma. Duk wanda ya taɓa shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya ya ga bakan gizon da Babban Gwani ya ɗaura, zai gane dabarar nan take: a tara nauyin rufi a kan baka, bakan ya sauke shi a kan ginshiƙi. Can da azara da laka, nan da dutse. Babban aikin shekara 40 kacal ya ɗauka, an kammala a 1133, shi ya sa ginin ya fito da murya ɗaya, bai zama gauraye ba.

Kusa da ƙofar yamma akwai layin baƙin dutse da ya ratsa daɓen. Wannan ita ce iyakar da mata ba sa ƙetarewa a zamanin ruhubanawa. Bayansa kuma ga ɗakin da suke kira Galilee, mai siraran ginshiƙai da haske, inda kabarin Bede yake, malamin da ya rasu a 735, wanda ya rubuta tarihin mutanen Ingila na farko-farko kuma ya yaɗa ƙirgen shekaru daga haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, wannan da muke kira miladiyya.

Kabarin Cuthbert yana can ɗaya ƙarshen, bayan wurin da limamansu ke tsayawa. Abin da ya taɓa min zuciya shi ne sauƙinsa. A da an lulluɓe shi da zinariya da duwatsu masu daraja, masu ziyara suna tururuwa daga ko'ina, sai mutanen Sarki Henry na VIII suka zo suka kwashe komai. Yanzu faffaɗan dutse ne kawai a ƙasa, da sunansa a rubuce da Latin. Duk wannan ƙasaitaccen gini, saboda wannan dutse aka yi shi. Guntayen akwatin katakon da aka sassaƙa masa a 698, da ƙaramin gicciyensa na zinariya, suna ɗakin kayan tarihi, kuma sun cancanci kuɗin shiga.

Wurin yana da nasa baƙin tarihin ma. Bayan yaƙin Dunbar a 1650, sojojin Cromwell, jagoran rundunar Ingila a lokacin, sun kulle fursunonin Sikotilan kimanin 3,000 a cikin majami'ar nan a lokacin sanyi. Suka ƙona kujeru da duk katakon da suka samu don jin ɗumi, yunwa da cuta suka kashe wajen 1,700. A 2013 masu aikin gini a ɗakin karatu na Palace Green, filin da ke gaban majami'ar, suka tono ƙasusuwan wasu daga cikinsu.

Hasumiyar tsakiya matakala 325 ce, ƙunci gare ta kuma a murɗe take, in kana da ciwon gwiwa ka haƙura. Fadar kuwa ɗalibai ne ke kwana a ciki, domin tun 1837 aka miƙa ta ga jami'a, don haka ba a shiga sai da ɗan rakiya a sa'o'in da aka tsayar. Ka duba tun da safe ka kama gurbi. Fadar da majami'ar tare UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya a 1986. In kai mai bincike ne, jami'ar tana da babbar taskar takardun Sudan na zamanin mulkin Turawa, amma wannan sai ranar aiki kuma da alƙawari.

Nuwamba rana gajera ce a can, wajen ƙarfe 4 duhu ya fara, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kurkusa. Ka fito da alwalarka da 'yar darduma mai naɗewa. Ni a kan ciyawar bakin kogi na sha yin sallata ba wanda ya dame ni. Titunan tsohon garin da duwatsu aka shimfiɗa su, suna santsi in an yi ruwa, sai ka sa takalmi mai kama ƙasa da riga mai hana ruwa. Ka kama jirgin ƙarfe 9 na safe ko kafin nan. Da yamma in za ka koma, ka isa tasha da ɗan sauran lokaci, domin a kan tudu take, daga nan za ka hango fadar da majami'ar an kunna musu fitilu. Allah ya kawo ka lafiya.