Kashe injinan TSMC daga nesa

Ka tambaya ko da gaske ana iya kashe injinan TSMC, kamfanin Taiwan mai ƙera ƙwaƙwalwar na'urori, daga nesa idan Sin ta mamaye Taiwan. E, ana iyawa. A watan Mayun 2024 kafar labarai ta Bloomberg ta ruwaito cewa ASML, kamfanin Holan mai ƙera wa TSMC injinan EUV (masu zana ƙwaƙwalwar na'urori da wani haske na musamman), ya tabbatar wa gwamnatin Holan cewa zai iya kashe waɗannan injinan daga nesa.

Sharaɗin shi ne layin sadarwa ya kasance a haɗe, in an datse shi umarni ba zai isa ba. Amma ko an datse, injin ba zai jima yana aiki ba. Yana harbin ɗigon narkakkiyar kuza da leza sau 50,000 a daƙiƙa, burbushin kuzar kuma yana dusashe madubin tattara haske, sai an riƙa sauya shi. In babu injiniyoyin ASML da kayan gyara daga Turai, aiki ya tsaya cak.