Asalin Kermit, koren kwaɗon talabijin

Ɗan'uwa, ka tambayi asalin koren kwaɗon nan da ake yawo da hotonsa yana kurɓar shayi. Sunansa Kermit, ɗan tsana ne da ake sarrafawa da hannu, kuma ya girme wa intanet nesa ba kusa ba.

Wani Ba'amurke, Jim Henson, shi ya ɗinka shi a 1955 yana ɗalibi, domin wani gajeren shiri mai suna Sam and Friends a birnin Washington. Abin da ke burge ni kullum shi ne kayan da ya yi amfani da su: tsohon kwat ɗin mahaifiyarsa, sai ƙwallon tebur da ya raba biyu ya yi idanu. Da farko ma ya fi kama da ƙadangare, daga baya ya zama kwaɗo sosai. Kansa yadi ne mai laushi, saboda haka yatsun mai riƙe da shi ke murɗa fuskar ta nuna kunya ko damuwa. Nan sirrin yake.

Kermit ya shiga shirin yara na Sesame Street a 1969, sannan ya jagoranci shirin The Muppet Show da aka ɗauka a Ingila daga 1976 zuwa 1981. Henson, wanda ke yi masa murya, ya rasu a 1990, Steve Whitmire ya gaji muryar. Kamfanin Disney ya sayi Kermit a 2004.