Inbata na ɗaukewa da azahar: jabu ce ko zafi ne?

Tambaya: Malam, ina da shago a Tawa, ina saida ƙanƙara da ruwan sanyi. Na haɗa sola da inbata mai wat 1000 da batir na bolt 12, firiza ɗaya ce a kai sai fanka. Lokacin ɗari lafiya lau, amma tun da bazara ta kama, da azahar sai ta yi kuka ta ɗauke. Jabu aka saida mini?

Amsa: Ba lalle ba ne, ɗan'uwa. In mai gyara ya buɗe maka ita, za ka ga wasu ƴan baƙaƙen abubuwa masu ƙafa uku an ɗaure su jikin ƙarfen alminiyam. Su ne MOSFET, a manyan inbata kuwa irinsu da ake kira IGBT ake sawa. Su ke kunna wutar batir su kashe sau dubbai cikin daƙiƙa guda har ta koma bolt 220, kuma kowace kunnawa tana barin ɗan zafi. Galibinsu iyakar abin da cikinsu ke jurewa digiri 150 ne zuwa 175, shi ya sa inbatar kirki ke kashe kanta tun kafin a kai nan. Wataƙila taka ma abin da ta yi ke nan, don kada ta ƙone.

Wat 1000 ɗin da ke kan kwali, yawanci a yanayin digiri 25 ake auna shi. Ina Tawa ta ga digiri 25 da rana a watan Afrilu? Shagon kwano ya wuce 40 nesa, ga ƙurar hunturu da ta toshe fankar cikinta. Sannan injin firiza in zai tashi yana fizgar wuta ninkin-ba-ninkin abin da yake ci in ya daidaita.

Inda na fi ganin matsalarka shi ne bolt 12 ɗin. Kafin a fitar da wat 1000 daga batir irin naka sai an ja sama da amfiya 80 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya). A bolt 24 rabin haka ne, zafin da wayoyi ke yi kuma ya sauko zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Don haka in kuɗi sun samu, ka koma batir biyu a jere, wato a haɗa su yadda za su ba da bolt 24, da inbata mai bolt 24, wat 2000, waya mai kauri kuma gajera.

Kafin nan, in inbatar taka a ƙarƙashin kantar shago take, ka fitar da ita, ka rataye ta inda iska ke ratsawa, a hure mata ƙura.